Ruwan Ƙarƙashin Yashi

A Domayo muke haya, ɗaki ɗaya,
ni da Astawabi da fankar da ta gaji da juyi.
Ƙarfe biyun dare fitilata na ci,
ina kaɗa kofi na uku,
ina ce wa cikina: yi haƙuri, sai an gama jarrabawa.
Shi kuwa ciki bai yi boko ba,
bai san jadawali ba.

Mako uku, burodi da ruwan bunu.
Inna ta kira sau huɗu daga Kuseri, ban ɗaga ba,
na ce minti goma na hira
shafi biyu ke nan na ilmin sinadarai.
Salla ma caccakar kaza nake yi mata,
in sallame ban san raka'a nawa na kawo ba.

Ran Talata a Kongola
malam yana rubutu,
sai allo ya zama tafki, haruffa na iyo,
benci ya taso ya gaishe ni a goshi.
Na farfaɗo, wata da ban san sunanta ba
tana yi mini fifita da takardunta.
Likita bai ja zance ba:
yaushe rabonki da tuwo?
Yaushe rabonki da barci?
Na shiga ƙirga da yatsu,
ni mai warware lissafin da ya cika allo,
na kasa.

Da la'asar Astawabi ta ƙwace jakata,
ta ja ni Mayo Kaliyawo.
Kogi ne a suna,
yashi zalla, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa.
Can gefe Dada Jebba mai wankau
ta tona rami iya gwiwar hannu
tana kwalfar ruwa da ƙoƙo.
Ƙoƙo shida, bakwai, rami ya ƙafe.
Ba ta ƙara tono ba.
Ta kife ƙoƙon, ta miƙe ƙafa,
ta ɓara goro, ta miƙo mana ɓari.
Na ce, Dada, ya ƙare ke nan?
Ta ce, yana tafe.
Mai matsa masa, laka yake ɗiba.

Muka zauna.
Gindin ramin ya soma duhu,
ruwa na tsattsafowa kamar mai jin nauyin baƙi,
har sararin sama ya sauko ya kwanta a ciki.

Kada in yi ƙarya, ban zama wata sabuwa ba.
Gabana na faɗuwa har yau in an ce a rufe littafi, a fito da takarda.
Amma mun haɗa kuɗi mun sayi tukunya,
miyar tafasa da gyaɗa, wani lokacin yakuwa,
Astawabi hannunta ya cika gishiri, ina ci haka nan.
Sha ɗayan dare wayata na kwana a akwati
ƙarƙashin zannuwa;
wani daren nakan tashi in sato ta,
ɓarauniya da mai kaya duk ni ce.
Bayan asuba ina taka ƙasa ƙarƙashin dogon yaro
har gada, in dawo da gumi da yunwa.
Juma'a ta Inna ce:
wa ya haihu, nawa kifi a bakin Logon,
akuyarta ta sake cin sabulu.
Ran da kuka ya zo
nakan ba shi tabarma, ya gama, ya tafi.

Sakamako ya fito, sha ɗaya bisa ashirin.
Da bara ce, da na rufe ɗaki kwana biyu.
Na sayi zoɓo mai ƙanƙara na dala ashirin,
na sha rabi,
na kai wa Astawabi saura.

Jiya wani shafi ya ƙi shiga kaina,
na karanta sau biyar, laka nake ɗiba.
Na kife littafin,
na miƙe ƙafa.